Gangar Gandun Tsamiya

Ranar da ganga ta ɓace a Gandun Tsamiya, tun kafin hantsi ya dubi ludayi kowa ya gama sanin ɓarawo. Dabo ne, Bafillacen da shanunsa ke kwana a gonar gandun. Babu wanda ya gan shi da ido, amma an ga sawun takalmin roba, sawun kuma ya nufi burtali. Shi ke nan fa, shari'a ta ƙare. Mutanenmu in suka samu baƙo mai sanda a kusa, ba sa wahalar da kansu da dogon tunani.

Gandun yana bayan birnin Katsina, in ka fita ta Ƙofar Guga ka ɗan miƙa. Wani attajirin da, Madugu Shehu, shi ya kafa shi, da sorayensa da rumbunansa da mutanen da ke yi masa noma. Bayan rasuwarsa gida ya koma kango, sai jemagu. Jikarsa, Hajiya Baraka, ita ce ta bar aiki a Kaduna ta dawo ta tayar da shi, ta mai da shi masaukin baƙi. Ta ce ba siminti, sai tubali da azara da makuba. Ba janareto, sai farantan hasken rana. Ruwa na rijiya, sanyinsa na randa. Abin da za a ci daga gona, gonar kuma ba ta san takin zamani ba, sai kashin shanun Dabo. Mota ma ba ta shiga. A wani fili na rairayi da ke gaban gida ake ajiye ta, amalanken shanu ya ƙarasa da kai.

Aka yi ta yi mata dariya, har shekarar da sojoji suka koma bariki. Sai ga sababbin manya masu manyan riguna suna layin neman ɗaki. Ɗakin ƙasar da iyayenmu suka yi ta roƙon Allah ya fitar da su daga cikinsa, yanzu sai mai hali ke kwana a ciki. Allah mai iko.

Ita gangar, tsohuwar gangar noma ce, baƙa wuluk don tsufa, a rataye a soron cin abinci. Da ita ake kiran baƙi in an gama tuwo. Jiyan nan Hajiya ta yi alkawarin ba da ita ga wani baƙonta, Onarabul Hussaini, sabon ɗan majalisa, wanda ya ce ba abin da zai dace da falonsa na Abuja kamarta. Da la'asar zai tashi. Babaji kuwa, ƙanen Hajiya kuma manajan gida, ya rantse in la'asar ta yi ba ganga, 'yan sanda za su tafi da Dabo, shanunsa kuma su bar gonar har abada.

Hajiya ce ta ce a dakata, a kira Malam Mati.

* * *

Malam Mati tsohon mai gadin daji ne, ya yi rabin rayuwarsa yana bin sawun shanun sata, yanzu yana zaune a Ƙofar Guga yana cin fansho yana tara tumbi. Mutum ne mai son a yabe shi, ba laifi, kuma ya cancanta sau da yawa. Da aka ce masa Gandun Tsamiya, bai tsaya tambayar abin da ya ɓata ba ya tashi babur, don ya san dambun zogale da man shanu na Inna Indo, tsohuwar da ke riƙe da madafin gidan.

Ya tarar da filin motoci cike da mutanen ƙauye, kowa da hukuncinsa a baki. Sun tattake rabin wurin, abin da ya sa ya yi tsaki ya kore su gefe. Sa'arsa ɗaya, kullum da yamma ana jan reshe a bisa rairayin don ya kwanta lumui, saboda haka abin da ya tsira a fili yake. Sawun takalmin roba ya fito daga ƙofar gida, ya nutse sosai, alamar mai shi da kaya a ka. A tsakiyar fili takalmi ya ɓace. Nan rairayi ya ɗan shafe, kamar an goga wani abu a kai. Daga nan sai sawun ƙafa tsirara, mai faso a dunduniya, taku gajeru. Gaba kaɗan jama'a sun tattake. Can bakin fili takalmin ya sake bayyana, ya shiga burtali, shanun safe suka bi ta kai suka cinye shi.

Malam Mati ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya gyara hula don kowa ya gani. Ya ce ɓarayi biyu ne. Mai takalmi ya fito da ganga, ya dire ta a nan inda rairayi ya shafe, marar takalmi ya karɓa. Jama'a suka yi ta jinjina kai. Babaji ya ce to, Dabo da wani ɗan'uwansa ke nan.

"Ban ce ba tukuna," in ji Malam Mati. "Takalmin roba ai ba Fulani kaɗai aka sayar wa ba."

* * *

Dabo yana zaune gindin gawo, sandarsa a kan cinya, mutum biyu na tsaronsa. Dogo ne siriri, ya fara furfura. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun gidan yana kango yake kawo shanu nan da kaka, su ci kara su bar taki, bai taɓa ɗaukar ko zangarniya ɗaya ba. Ya ce shi da ganga me ya haɗa su, saniya ce da za a tatsa? Abin da ya fi ci masa rai, matarsa Hauwa'u tun safe take kuka a ruga, don matan ƙauye sun ƙi sayen nononta.

Malam Mati ya sa shi ya taka rairayi. Takalmin iri ɗaya ne, har zanen ƙasan, amma na Dabo ya ɗara wancan tsawo. Da ya nuna wa Babaji, sai Babaji ya ce ai Bafillace ba ya rasa ƙane mai ƙaramar ƙafa. Wanda ya riga ya yanke hukunci, ko ka kawo masa wata a faranti cewa zai yi fitila ce.

Sai ya koma kan direban Onarabul, wani Nasiru, wanda ya kwana cikin mota a filin. Nan zuciyar Malam Mati ta fi kwantawa. Wa ya san darajar gangar in ba wanda ya ji maigidansa yana yaba ta ba? Kuma mai fitowa daga mota ai ba takalmi zai fito. Ya sa aka buɗe bayan mota, ba komai sai buhun gero da kwalin fastocin zaɓe da suka rage. Ya sa Nasiru ya cire takalmi. Wai! Ƙafa sumul kamar ta jariri, ba faso ko na magani. Nasiru ya ce shi barci ya yi har aka yi sallar asuba ba shi, maigadin ƙofar gidan ma haka, don minsharinsa ne ya yi masa rakiya.

Malam Mati ya ji kunya kaɗan. In kuwa ya ji kunya, yunwa ce ke biyo baya.

* * *

Madafin yana can ƙuryar gida, kusa da ƙofar baya wadda ma'aikata ke bi. Ya yi sallama, suka gaisa da Inna Indo, lahiya lau, ina gajiya, ina iyali, ina ƙafar da ke ciwo bara. Tsohuwa ce ƙaƙƙarfa, ta haura saba'in amma har yau ita ke sauke tukunyar tuwo da kanta. Ta zuba masa dambu ta koma bakin murhu.

Loma ɗaya ya yi ya tsaya. Ba gishiri. Shekara da shekaru yana cin abincin matar nan, bai taɓa jin ta yi kuskuren gishiri ba. Ya ci gaba da ci, don tuwon kyauta ba a ce masa ya yi tsami. Ya tambaye ta ko ta ji wani motsi. Ta ce ita a ɗakinta na nan cikin gida ta kwana, ƙofar baya kuma da kwado, makulli wurin Babaji. Ya tambaye ta ra'ayinta kan Dabo.

"Dabo ba ɓarawo ba ne, Malam." Ba ta juyo ba. "Ko a gaban alƙali zan faɗa."

Ya ga ta cika wani akushi har ya yi tozo, ta ce a kai wa Dabo gindin gawo. Ya ce a ransa, tsohuwa mai tausayi. Ya wanke hannu ya fita, kansa a ɗaure.

* * *

A masallacin ƙauyen ya yi azahar. Bayan sallah ya zauna a dakali tare da dattawa, ana ta hirar mulkin farar hula, wa ya ci, wa aka ci da shi, yaushe za a kawo rijiyar da aka yi alkawari. Shi dai hankalinsa na kan abu ɗaya. Marar takalmin nan, ta ina ya zo? Mutum ba ya faɗowa daga sama. Ya ɗora wa jama'a laifin tattake wurin, amma a ransa ya san bai ga ko taku ɗaya na zuwansa ba.

Sai ga wata dattijuwa tafe da ƙwaryar gero a ka. Da ta zo daidai dakalin, ta rage tsawo, gefen zanenta ya shafi ƙasa, ta zare takalmanta ta riƙe a hannu. Ta wuce a rusune, tana gaisuwa ƙasa-ƙasa. Da ta gota, ta ajiye su ta zura ta yi gaba. Ba wanda ya ko kalle ta, abu ne na kullum.

Malam Mati ya kalli ƙasa. Takalmi, shafin zane, ƙafa tsirara mai gajeren taku, sannan takalmi. Ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ɓarayi biyu, wai! Shi da bakinsa, a gaban jama'a, har da gyara hula.

To amma wa za a cire wa takalmi a filin da ba kowa sai motoci? Ya tashi ya nemi Sule magini, wanda ya tayar da sorayen gandun, ya same shi yana kwaɓa makuba a bayan rumbu. Ya tambaye shi ko da can akwai wani abu a tsakiyar filin nan. Sule ya ce ƙwarai, lokacin da suke share wurin sun tarar da tushen wani babban zaure da dakalinsa, an ce nan Madugu Shehu ke zama yana duban masu fita gona. Ya rushe tun kafin a haifi Hajiya, ita kuma ta ce a bar wurin fili. Malam Mati ya tambaye shi, cikin ma'aikatan gidan wa ya san zauren yana tsaye? Sule ya ɗan yi tunani, ya ce ai mutum ɗaya ce aka haifa a gandun.

Malam Mati bai ji daɗin da ya saba ji in ya kama bakin zare ba. Ya ji tausayi, ya kuma ji haushin kansa da bai gane yaren gishiri ba.

* * *

Gab da la'asar ya sa aka ja reshe a filin, rairayi ya kwanta. Aka shimfiɗa tabarmi a can ƙarshen fili, ta wajen burtali. Hajiya Baraka ta zauna, Onarabul a kujera yana duban agogo, Babaji a tsaye, Dabo da Nasiru da Sule a gefe, mutanen ƙauye sun yi da'ira daga nesa. Malam Mati ya fara da cewa da safe ya yi kuskure, ɓarawo ɗaya ne ba biyu ba, kuma kafin ya faɗi sunansa maƙogwaronsa ya bushe. A kawo masa fura, amma shi sai daga hannun Inna Indo.

Babaji ya ce wannan wane irin wasa ne, 'yan sanda yake shirin aika wa. Hajiya ta ɗaga masa hannu, ta ce a kira Inna.

Ta fito ta ƙofar gaba, wadda ba ta saba bi ba, ƙwaryar fura a ka, silifa a ƙafa. Ta taho a hankali. Da ta kawo tsakiyar fili, inda ba kowa ba komai, mutane suna can nesa, sai ta rage tsawo. Zanenta ya shafi rairayi. Ta zare silifan ta riƙe, ta yi taku kaɗan a rusune. Sannan ta tsaya cak. Ta dubi takalman da ke hannunta, ta waiwaya ta dubi sawunta, ta ɗago ta dubi Malam Mati.

Shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Ta ƙaraso ta dire furar a gabansa, ta durƙusa. Ba wanda ya tambaye ta. Ta ce gangar tana cikin rumbun ɗiyarta a ƙauye, lafiyarta lau, ko ƙwarzane babu. Ita ta ɗauke ta kafin asuba, ta bi ta gaba don ƙofar baya na kulle, ta dawo ta bayan gona ta jira aka buɗe, ta shige cikin masu kawo itace.

Hajiya Baraka ta dube ta. Da ta yi magana, muryarta a sanyaye take. "Inna, me ya yi zafi? Me za ki yi da ganga?"

"Ta babana ce, Hajiya. Garba Maiganga. Shi ya sari icen, shi ya fafe ta, shi ya ɗaura mata fata. Da ita yake fitar da mutanen gandun wanga noma."

"Wallahi ban sani ba. A tsohon rumbu na same ta. Na ɗauka abin da aka tarar cikin gida na gida ne."

"Mu ma cikin gidan aka tarar da mu, Hajiya."

Inna Indo ta ci gaba, idonta a ƙasa. Ta ce ba ta taɓa jin haushin baƙi suna bugun gangar ba. Duk sanda aka buga ta don tuwo, sai ta ji kamar babanta ne ke kira, har ta kan ƙara man shanu a miya. Amma jiya tana jera kwanuka ta ji an ba da ita, za ta Abuja. Hajiya ta tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa tsayawa gaban ɗan gidan nan ta ce wani abu nata ne ba, bakinta bai san yadda ake faɗinsa ba. Hawaye ya zubo wa Hajiya, ba ta ɓoye ba.

Tsohuwar ta juya wajen Dabo. Ta ce ya yafe mata don Allah, ta ci amanarsa; da motar 'yan sanda ta iso, ita za ta shiga, ta riga ta ƙulle kayanta. Dabo ya daɗe yana kallonta, yana murza sandarsa.

"Takalmin da na sayo miki a kasuwar Jibiya ne, ko? Don kada ƙaya ta soke ki?"

Ta ce shi ne.

"To badi ɗankwali zan sayo miki, Inna. Shi ba ya barin sawu."

Dariya ta ɓarke, har da masu share hawaye. Amma da Babaji ya matso yana miƙa hannu yana cewa a yi haƙuri, Dabo bai karɓa ba. Ya ce haƙurin ba nan za a ba shi ba, sai a ruga, a gaban Hauwa'u, da matan da suka ƙi sayen nononta. Hajiya ta ce haka za a yi, kuma da ita za a je. Babaji ya yi ta shafa ƙeya.

Onarabul Hussaini, da yake ɗan siyasa ne kuma ya iya ƙirga kawunan da ke kallonsa, ya miƙe ya ce shi ba ya karɓar kyautar abin da ke da mai shi. Sule ya ce ya san masassaƙi a cikin birni da zai fafe masa sabuwa. Aka yi tafi. A gaskiya mutumin ba shi da mugun hali, falo ne kawai ya yi masa girma.

Hajiya ta ce ganga ta Inna ce, ta bar ta a rumbu ko ta rataye a ɗakinta, yadda ta so. Inna Indo ta ce ganga ba ta son rumbu, gara za ta ci. A mai da ita inda take, a ci gaba da kiran tuwo da ita. Sai dai in baƙo ya tambaya, a faɗi sunan wanda ya fafe ta.

Aka kira la'asar. Tsohuwar ta miƙe za ta koma madafi, takalmanta har yanzu a hannu. Hajiya Baraka ta tashi ta karɓe su, ta sunkuya ta ajiye mata a gaban ƙafa.

"Inna, sa takalminki. Zauren nan ya daɗe da rushewa."

Inna Indo ta dube ta, ta dubi filin. Ta zura ƙafa ɗaya, ta zura ɗayar. Ta kama hanya, kowa na kallon bayanta, har ta shige ƙofar gaba.

Malam Mati ya ɗauki ƙwaryar furarsa ya bi sawun a hankali, don hali zanen dutse ne. A tsakiyar fili takun ya gajarta, ƙafar hagu ta ɗan ja rairayi kamar mai shawara. Amma takalmi ne tun daga tabarma har bakin ƙofa. Ya kurɓi furar a nan tsaye, ya ji ta yi daidai, ya ce a gaya wa Inna yana nan har tuwon dare.